Sarkin Ruwan Hawa na Sha Ɗaya

In ka sauka daga metiro a Vénissieux, ka hau taram zuwa Minguettes, ka tambayi ɗan Nijar na farko da ka gamu da shi inda Illo Salifou yake, zai tsaya yana sosa ƙeya. Amma ka ce masa Sarkin Ruwa kake nema, kafin ka rufe baki ya nuna maka dogon benen da ke kallon kasuwa, ya ce hawa na sha ɗaya, ƙofar hagu.

Mutum ne siriri mai tabarau, tafiyarsa a hankali kamar mai tsoron tashin jariri daga barci. Aikinsa auna ruwa a wani ɗakin bincike da ke kudancin Lyon. A kawo masa ruwan famfo da na kogi da na masana'antu cikin 'yan kwalabe, ya ɗiga wannan ya girgiza wancan, ya rubuta ko mai shayuwa ne ko a nisance shi. To kada ku ce daga nan sarautar ta fito. Asalinta ya fi haka nisa.

A wani ƙauyen masunta aka haife shi, bakin tafkin Madarunfa, kuma gidansu ne ke riƙe da sarautar ruwan ƙauyen tun kakanni. Su shida ne maza. Biyar ɗin nan sun iya iyo kafin su iya ɗaura wando. Shi kuwa Illo, autansu, in aka sa shi cikin jirgi sai ya ƙanƙame gefe ya runtse ido har a dawo tudu. Shekarar da aka zo rubuta yara lakwal, wato makarantar boko, maigari ya ce kowane gida ya ba da ɗaya, mahaifinsa bai ɓata lokaci ba. Ya dubi 'ya'yansa kamar yadda yake duban kamun safe, ya ware wanda kasuwa ba za ta yi kewarsa ba.

Daga nan sai Maraɗi, sai Yamai, sai ga shi a Lyon a shekarar 2001 da akwati ɗaya da rigar sanyi ta gwanjo wadda hannunta ya fi nasa tsawo. In ya je hutu gida yana yaro, wurin zamansa gindin mahaifiyarsa ne, inda ake ware kifi, a feɗe, a wanke, a jera a kan banda. Don haka Illo ya san kifi tun daga fitowarsa ruwa har shigarsa baki. Ɗan guntun nan na tsakanin ruwa da hannu kaɗai ne bai taɓa sani ba. Bai taɓa jefa birgi ba, bai taɓa ɗaga koma ba, ko fatsa bai taɓa riƙewa ba.

Sallar layyarsa ta farko a Faransa, ɗalibai suka ga rago ya fi ƙarfin aljihunsu, suka yanke shawarar kifi. A kasuwa Illo ya ɗaga kumatun wannan, ya danna cikin wancan, ya shinshina, ya ce wa mai kifin wannan ya kwana uku wancan ya kwana ɗaya, har mutumin ya daina musu ya koma dariya. Ya gasa shi da yajin da ya zo da shi daga gida, aka ci har da suɗe ƙashi. Da aka tambaye shi inda ya koya, sai ya ce ai gidansu ne da ruwa. Sunan ya kama shi tun ranar, kuma tun ranar ba a yi suna ko walima ko taron 'yan ƙasa a Lyon ba tare da an miƙa masa sha'anin kifi ba.

Sarauta kuwa tana son labari, Illo kuma yana da su buhu-buhu. Akwai na giwan ruwan da sai da maza huɗu suka kama kafin ya hau jirgi. Akwai na tarwaɗar da aka feɗe aka tarar da ɗan agwagwa a cikinta. Duk gaskiya ne, duk sun faru. Abin da bai taɓa ƙarawa ba shi ne, lokacin da suke faruwa yana can bakin gaɓa yana gadin takalman yayyensa. Matarsa Fatsima, 'yar Tasawa ce mai aiki a gidan renon yara, ta san komai tun kafin aure. In an fara labarin giwan ruwa sai ta tashi ta shiga kicin, ka ji murafen tukwane suna ƙara fiye da yadda girki yake buƙata.

Da an bar shi haka, da har yau giwan ruwan nan yana ƙara ƙiba. Sai Allah ya haɗa shi da Attahiru.

Attahiru Bakabe ne ɗan Argungu, ƙato mai babbar murya, ya yi karatunsa da Turancin Ingilishi, yana kula da na'urorin wani kamfanin shigo da kaya a Aubervilliers, yana zaune kusa da Goutte d'Or a Paris. Shi ya auri Latifa, ƙanwar Fatsima. Illo kuma Bakatsine ne na ƙasar Maraɗi, kun kuwa san tsakanin Bakabe da Bakatsine sai wasa, wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Tun ranar da Attahiru ya ji ana kiran wani Bakatsine Sarkin Ruwa ya ce bai yarda ba, ya raɗa masa Sarkin Firij. Shi kansa ya sha faɗawa kogi da gora da koma tun yana saurayi, yana da tabon ƙayar kifi a dantse da yake nuna wa duk wanda ya tsaya. Kowace bazara in ya zo Lyon sai ya ce su ɗauki fatsa su je bakin kogi. Kowace bazara Illo yana da dalili. Bana azumi ya matso. Bana aiki ya yi yawa. Bana shi da kansa ya auna ruwan, ba zai ba kowa shawarar taɓa shi ba.

A watan Fabrairun 2012 aka yi wani sanyi da har tsofaffin Lyon suka riƙa zancensa a layin burodi. Cikin sanyin nan aka yi sunan ɗiyar wani ɗan Damagaram a zauren taro na ƙasan benen su Illo. Attahiru ya zo daga Paris. Ana cikin cin gasasshen kifi ya ɗaga murya ya ce shi dai shekara takwas yana jin ganga bai ga rawa ba, a fito da sarki a ga kamunsa.

Illo ya gyara tabarau, ya yi murmushin wanda ya san yau ma ya tsira. Ya nuna taga, ya ce ko makaho ya san ruwa ya daskare, a bari sai rani.

A ƙarshen teburin akwai wani tsohon Bafaranshe, Fernand, maƙwabcin Illo na hawa na goma, wanda ya yi ritaya daga masana'antar manyan motoci. Ba ya jin Hausa, amma ba a taro a benen ba a kira shi ba, don shi ke gyara wa kowa famfo. Ya tambayi abin da ake dariya, wani ya fassara masa. Sai fuskar tsohon ta washe. Ya ce ai yanzu ne ma lokacin. Akwai wani baraj, wato madatsar ruwa, a cikin duwatsu, tafiyar awa biyu da 'yan kai a mota, in ƙanƙara ta yi kauri masu kula da wurin sukan buɗe wani ɓangare a hau a huda a yi fatsa. An buɗe tun shekaranjiya. Yana da mota, yana da kaya na mutum biyu.

Duk zauren ya juyo yana kallon Illo. Malam Maazou, wanda ya fi kowa daɗewa a ƙasar, shi ake kai wa kowace gardama, ya goge hannunsa ya yanke hukunci. Asabar mai zuwa. Kifi ɗaya ya isa, amma da hannun Illo. Attahiru ne shaida. In aka dawo hannu rabbana, sunan Sarkin Ruwa ya faɗi, na Sarkin Firij ya tabbata, kuma sha'anin kifin taro ya koma hannun wani.

Ku da ke nesa za ku ce ai wasa ne. Wasa ne, amma Illo bai ci abincin kirki ba ranar Lahadi. Shekara goma sha ɗaya a ƙasar mutane, a wurin aiki shi lamba ce a jikin farar riga, a ofishin takardu shi layi ne. Wuri ɗaya ne in ya shiga ake matsa masa kujera, kuma sunan nan ne ya ba shi.

Ranar Litinin bayan aiki ya sauka hawa ɗaya ya ƙwanƙwasa wa Fernand, da littafi da biro a hannu, don ɗan lakwal ba ya barin halinsa. Ya ce su a ƙasarsu salon kamun daban ne, yana son ya ji na nan. Fernand ya dube shi ta saman tabarau, ya jawo masa kujera. Yammaci uku suka yi a teburin kicin ɗin tsohon.

Farko dai, in ji Fernand, ƙanƙara ba a yarda da ita da ido, sai an huda an auna. In kaurinta bai kai faɗin tafin hannu ba, ko an ce da zinariya a tsakiya kada ka taka. Baƙa mai sheƙi kamar gindin kwalba ita ce mai ƙarfi, fara mai kamar kindirmo rabin ƙarfin waccan gare ta. Kuma baraj ba tafki ba ne. Tafki yana kwance inda Allah ya ajiye shi, baraj kuwa mutane ne ke buɗe masa baki su ja ruwa, sai ruwan ya sauka ya bar ƙanƙarar gefe a rataye ba abin da ya tallabe ta. Don haka a nisanci bangon, a nisanci inda kogi ke shigowa, a tsaya cikin tutocin da aka kafa. Ramin kada ya wuce faɗin faranti. In ya fara rufewa a kwashe ƙanƙarar da matsami, irin na mai ƙosai. A saki ƙugiya har ta taɓa ƙasa, a ɗago ta kamar taƙi biyu, a riƙa motsa ta kaɗan-kaɗan, don kifin sanyi malalaci ne, ba ya bin abinci da gudu. In an yi rabin awa shiru a tashi a huda wani wuri. Ban da hayaniya, ban da buga ƙafa, gama ƙanƙara fatar ganga ce, kifin kuma yana cikin gangar. A sayi katin izini na yini a bukkar da ke bakin ruwa kafin a taɓa sanda. Tsutsar da ake sa wa ƙugiya kuwa, in ta daskare ta tashi aiki, sai a ajiye gwangwaninta a aljihun ciki, jikin ƙirji.

Wato daidai inda Illo yake ajiye takardar zamansa. Ya rubuta wannan ma, ya ja layi a ƙarƙashi.

Ranar Alhamis Fatsima ta buɗe firigo, wato firij, neman tumatir ta tarar da gwangwani cike da tsutsa suna mutsu-mutsu kusa da man shanu. Ba ta yi faɗa ba. Ta rufe, ta ce masa da ya faɗa wa mutane gaskiya da kansa tun kafin ƙanƙara ta faɗa musu. Ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ta ce ita dai ta san wani ɗan barewa da aka kai lakwal.

Asabar bayan sallar asuba suka kama hanya, Fernand na tuƙi, Attahiru ya cika kujerar baya da wata riga mai kama da katifa. Da suka isa rana ta fito amma ba ta da wani amfani. Ga ruwa shimfiɗe tsakanin duwatsu, fari fat, ga mutane jefi-jefi a kansa, kowa zaune a kan bokitinsa ya sunkuya kamar mai jiran gawayi ya kama. A bukkar bakin ruwa Fernand da Illo suka sayi kati. Attahiru ya ce shi shaida ne, bai taɓa jin inda shaida ya sayi lasisi ba.

Illo ya yi bisimilla ya ɗora ƙafar dama. Ya ɗora ta hagu. Yana cikin taku na goma ƙanƙarar ta yi wani gurnani mai tsawo daga wannan gaɓa zuwa waccan, ya tsaya cak da hannuwa a buɗe. Fernand ya ce kada ya damu, in sanyi ya yi tsanani haka take yi, ƙara kauri take. Da Illo ya waiga sai ya ga Bakabe, jikan masu faɗawa kogi, yana tafe da ɗai-ɗai kamar amarya ɗauke da tulu cike. Wannan kallon ya ɗan ƙarfafa masa zuciya.

Suka huda rami da wani ƙarfe mai murɗe da ake juyawa da hannu. Illo ya yi komai yadda yake a littafi. Ya saki, ya ɗago taƙi biyu, ya motsa. Rabin awa, shiru. Suka huda na biyu, shiru. Fernand ya ciro biyu a nasa ramin, ya ga kamar kallonsa yana takura maƙwabcinsa, sai ya ɗauki bokitinsa ya yi can nesa wajen tutar ƙarshe. A rami na uku Attahiru ya matso kusa da kunnen Illo, tunda an hana hayaniya, ya riƙa yi masa raɗa. Ya ce kifi na ganinka mai jar koma. Ya ce ko a gwada kiran su da Faransanci, wataƙila ba su san sarkinsu ya iso ba. Ya ce akwai babban kanti a hanya, sashen kifinsu ba ya rufewa sai takwas.

Wajen sha ɗaya da rabi sanyi ya gama da yatsun ƙafa ya fara hawa gwiwa. Sai Illo ya jawo jakarsa ya zuge. Mangal ne, ɗan ƙaramin murhun gawayi na waya, da ƙullin gawayi, da butar shayi shuɗiya, da finjalai huɗu naɗe a tsumma. Bai tambayi Fernand ba, don a ganinsa ba a neman izinin shayi, kamar yadda ba a neman izinin numfashi. Mutum ya zauna wuri ɗaya awa uku ba wuta ba buta, ai wannan ba zama ba ne, tsarewa ce. Karo na farko a rayuwarsu Attahiru ya yarda da shi ba gardama, har shi ya tare iska da rigarsa aka hura gawayin, a nan kan ƙanƙara, taku biyu daga ramin.

Na fari ya nuna, ya yi kumfa. Illo ya ɗaga finjali zai kai baki, sai idonsa ya faɗa kan mutanen da ke kewaye. Bakwai ne ko takwas, kowa shi kaɗai da raminsa, hanci ja, ba mai ce wa wani uffan. A gidan da ya tashi, ba a shan abu mai zafi ido na kallo. Hannunsa ya ƙi ƙarasawa. Ya cika finjalan huɗu, ya jera su a murfin bokiti, ya tura wa Attahiru sandar fatsar.

"Riƙa mini, Bakabe. Kada ka motsa ta, riƙo kawai."

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana jan ƙafa. Kuma kun san ba a miƙa wa mutum shayi a juya. Sai an tambayi sanyi, an tambayi iyali, an tambayi gajiyar hanya. Na farko ya dube shi kamar ya zo sayar da wani abu. Na biyu ya karɓa, ya kurɓa, ya yi tari, ya miƙo hannu a gaisa. Kafin ya kai na huɗu, na nesa sun fara ɗago kai suna jiran layi ya zo kansu. Ya dawo ya sake cikawa ya koma. Yana wurin na bakwai, wani mai gemu da ke ba shi labarin ƙaninsa da ya taɓa aiki a Arlit, sai ya ji muryar Attahiru ta tsaga wurin, ta manta da dokar ganga gaba ɗaya.

Da ya iso, ga kifi kwance kan ƙanƙara yana bugun jela, irin wanda suke kira truite, mai ɗigo-ɗigo, tsawonsa daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Ga Attahiru tsaye a kansa da sanda, yana haki, yana dariya har da hawaye.

Gardama ta kaure. Illo ya ce raminsa ne, tsutsarsa ce da ya yi ta ɗumamawa da ƙirjinsa, shi ya yi awa uku yana kiran kifin. Attahiru ya ce Malam Maazou hannu ya ce, bai ce rami ba, bai ce ƙirji ba. Suna cikin haka ba wanda ya lura da mangal. Zafi ya narke ƙarƙashinsa, ya nutse a hankali har ruwa ya taɓa garwashi, sai ga tururi da hayaƙi sun tashi kamar ana ƙona sharar gona.

Hayaƙin ne ya kira mai gadin ruwan. Mace ce doguwa da jar hula, da littafi a aljihun gaba. Ta dubi mangal, ta dubi buta da ta karkace, ta dubi kifi. Ta nemi kati. Illo ya miƙa nasa. Ta juya ga Attahiru, wanda har yanzu sandar tana hannunsa. Cikin ladabi ta bayyana cewa wanda ya yi kamu ba kati akwai tara a kansa, kuma za ta karɓe kifin da kayan kamun. Kayan kuwa na Fernand ne, sandar da ya ce tun ta mahaifinsa ce. Sannan ta tambaya, wa ya kama wannan?

Attahiru ya dubi sanda, ya dubi tsohon da ke tahowa daga nesa yana santsi. Da Faransancinsa mai ƙamshin Ingilishi ya ce, "Shi ne, madam. Ni riƙe masa kawai na yi. Babban masunci ne a ƙasarsu, sarkin ruwa ne."

Ta waiwaya ga sauran masu fatsa ko akwai mai magana. Kowa ya duƙufa kan raminsa kamar yau ya fara ganin rami, ɗaya ma finjalin yana hannunsa. Ta ɗan yi murmushi, ta ce wa Illo barka da kamu, ta ce wutar nan kuma a kai ta tudu yanzu-yanzu, nan ba kicin ba ne.

Da ta tafi Attahiru ya jefar da kansa kan bokiti. Ya ce shi ke nan, bakinsa ya yanka shi a gaban hukuma, ba zai je Lyon ya canza magana ba. Bakatsine ya ci, a tattara a tafi kafin yatsunsa su zube. Fernand ma ya ce ana iya tafiya.

Illo ya kai mangal tudu ya dawo. Bai tattara komai ba. Ya zauna, ya kwashe ƙanƙarar da ta fara rufe ramin, ya ɗauki sandar yana juya ta. Da ya yi magana, ramin yake kallo.

"Attahiru, ni ban taɓa kama kihi ba. Ko ɗaya. Tunda aka haife ni."

"Wa kake ba labari? Yadda ka riƙa sandar nan da safe kamar mai riƙon biro, ko jariri ya gane."

Attahiru ya jira fushi, bai ga fushi ba. Sai ya ja bokitinsa ya matso.

"Bawana, cire safar hannun nan. Cire mana. Ɗora zaren bisa yatsanka, nan. Kana ta kallon bakin sanda, kihi ba da ido ake jin shi ba. In ka ji kamar ƙuda ya sauka, kada ka fizga, bari ya sake. Na biyun shi ne naka."

Haka Illo ya zauna da hannu tsirara cikin sanyin da ke fasa dutse. In yatsan ya mutu ya sa shi a hammata ya farfaɗo ya mayar. Suka yi azahar a tudu bi da bi, suka dawo. Mutane suka fara naɗe kaya. Inuwar dutse ta miƙo har ta rufe su. Wajen la'asar ƙuda ya sauka a yatsan Illo. Bai fizga ba. Ƙudan ya sake sauka. Ya ɗaga hannu a hankali, zare ya yi nauyi kaɗan, nauyin da bai fi na makulli ba, sai ga wani ɗan kifi mai zane-zane a gadon baya ya fito yana rawa. Perche suke ce masa, kamar 'yar karfasa. In an auna shi da yatsan tsakiya, kifin ya fi da kaɗan.

Illo ya riƙe shi a tafin hannu yana kallo, yana da shekara talatin da takwas. Fernand ya ce irin wannan doka ba ta hana ɗauka, amma yawanci akan mayar da su. Illo ya ce wannan dai ba zai koma ba.

Da suka iso hawa na sha ɗaya bayan magariba, falon ya cika, takalma har bakin matakala. Attahiru ya shiga gaba, ya ajiye babban kifin a kan tire, ya ce ga shi, an tambaye shi a gaban ma'aikaciyar gwamnati ya ce na Illo ne, kuma Bakabe ba ya magana biyu. Aka fara tafi. Illo ya ɗaga hannu. Ya laluba aljihun ciki, ya fito da 'yar leda, ya kwance, ya kwantar da ɗan kifinsa kusa da babban.

Ya ce wancan na Attahiru ne. Nasa ga shi. Kuma shi ne na farko da ya taɓa kamawa, giwan ruwa da tarwaɗa mai agwagwa duk na yayyensa ne, shi takalma yake gadi.

Daga ƙofar kicin Fatsima ta tsaya da ludayi a hannu tana kallon mijinta. Sai Attahiru ya ce a taimaka a kawo masa tabarau, an ce akwai kifi na biyu a tiren shi bai gani ba. Dariya ta ɓarke har maƙwabta suka buga bango.

Malam Maazou ya jira ta lafa. Ya sunkuya ya duba ɗan kifin da kyau, ya juya shi da yatsa. Ya ce shi kifi ya ce, bai faɗi awo ba. Yana da kai, yana da jela, da hannun Illo ya fito, shaida ya gani? Attahiru ya ce ya gani, da ƙyar. Malam ya ce to sarauta tana nan inda take. Amma daga yau in za a ba da labarin giwan ruwa, a riƙa faɗin wanda ya riƙe takalma.

Fatsima ta soya babban aka raba loma-loma. Ƙaramin ta soya shi daban a ɗan kasko, ta kawo wa Illo a faranti mai faɗi don tsokana. Ya cinye shi har kai, bai yi wa kowa tayi ba, kuma ba wanda ya ga laifinsa.

Washegari da hantsi ya kira gida. Babban wansu Abdou, wanda ya gaji sarautar bayan rasuwar mahaifinsu, yana bakin tafki yana ɗinkin taru. Aka gaisa, aka tambayi yara, aka tambayi sanyi. Sannan Illo ya ce, Yaya, jiya na kama kihi. Abdou ya ce da hannunka? Ya ce da hannuna. Ya tambayi girmansa, Illo ya faɗa masa gaskiya. Abdou bai yi dariya ba. Ya ce to madalla, kowa da irin wannan ya fara, shi ma nasa na fari bai fi haka ba. Sai ya tambaya ko a jirgi ne ko daga gaɓa.

Illo ya ce ba ko ɗaya. A tsakiyar ruwan ya taka da ƙafarsa, ya ajiye bokiti ya zauna, ya huda ruwan da ƙarfe, har ya dafa shayi a kansa.

Ta cikin waya Illo yana jiyo kukan tsuntsayen tafki.

"Illo," in ji Abdou, "na kihin na yarda. Sauran kuma ka bari sai ka zo, kada ka faɗa wa kowa a garin nan. Gidanmu ba a san mu da ƙarya ba."